Sunan Ɗan Farin Sabuwa

Ma'azu ɗan Atiku, mai shagon gishiri a bakin kasuwar Illo, shi ya hana uwarsa ganin ɗanta na fari har ta mutu. Na faɗa da sunansa da na ubansa don kada a ce wani Ma'azun nake nufi. Bai doke ta ba, bai hana ta tuwo ba, kuma na san da wannan zai fara wanke kansa in kun kira shi. To ku bar shi ya gama ba ku labarin tuwon, sa'an nan ku tambaye shi abin da zan gaya muku.

Liman, da ku dattawan unguwa, ni ce Asama'u ƙanwar marigayi Atiku, wadda ake kira Goggo a gidan. Ban yi boko ba, allo ma ban wuce ƙananan surori ba, shi ya sa na sa ake rubuta mini. Shekara shida ke nan gwiwoyina sun ƙi ɗaukata, jan jiki nake yi daga ɗakina zuwa tsakar gida. Da ina da ƙafa, da ba takarda za ku gani ba, da ni za ku gani a ƙofar masallaci.

Sabuwa matar yayana ce, tare muka tsufa a gidan nan. 'Ya'yanta maza biyu suka rayu, Bunyaminu da Ma'azu. Bunyaminu ne na fari, kuma ba sai na koya muku yadda uwa take da ɗan fari a garin nan ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido. Wasu matan sukan sassauta in girma ya zo. Sabuwa ba ta sassauta ba ko sau ɗaya cikin shekara hamsin da ɗoriya. Ana yaye shi kawunsa ya tafi da shi Kandi, can ƙasar Dahome, can ya girma, can ya yi iyali, yana aiki a ma'aunar auduga. In ya zo gida ya durƙusa a bakin ƙofarta yana gaisuwa, sai ta juya fuska bango ta amsa da "lafiya" guda ɗaya. Amma ni na san wadda take tashi ta jiƙa busasshen kifi ta yi miyar da yake so, ta ce a kai wa baƙi a zaure. In dole ta kama a ambace shi, "na ƙetare" take cewa. Duk gidan nan, har akuyoyi, sun san wanda ake nufi da na ƙetare.

Da farkon daminar bana ta faɗi a gindin turmi. Ɓarin jikinta na hagu ya mutu, bakinta ya karkace, amma maganarta na fita sarai, hankalinta kuma ya fi nawa. Ma'azu ya sa aka mayar da ita ɗakin baya, na kusa da rumbu, wai ya fi shiru. Ɗakin ba taga, sai wata 'yar kafa a sama da ko kan kaza ba ya shiga. Kullum da hantsi nakan ja jiki in je in ba ta kunu, matarsa Rahmatu kuma ita ke yi mata wanka da juyi.

Kwana tara da faɗuwarta Ma'azu ya leƙo gaishe ta, ina zaune a gefen gado. Ta ce masa a aika a kira mata na ƙetare.

Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a aljihu, ya ce, "Na ƙetare suna da yawa, Inna. Akwai danginki a Madikali, akwai na Gaya. Wanne?"

Ta ce ya san wanda take nufi.

"Ban sani ba sai kin faɗi. Faɗi sunanshi, yau in tura mutum."

Na ce da shi Bunyaminu take nufi, kai ma ka sani, mara mutunci. Bai ko dube ni ba. Ya ce ba ni ya tambaya ba, kada in sa wa mara lafiya magana a baki. Ya ɗan jira, yana kallon uwar da ta haife shi tana motsa leɓe ba abin da ke fita, sa'an nan ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tafi kasuwa.

Haka aka yi ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Duk sanda ta roƙa, tambayar ɗaya ce. In ni na matsa masa a tsakar gida, sai dalilai su yi ta zubowa. Yau ruwa ya cinye hanya. Gobe wai tun da Dahome suka samu 'yancinsu 'yan duwan, masu karɓar kuɗin fito, sun tsananta a kan iyaka, ba a wucewa sai da takarda. Jibi wai aikin jam'iyya ya sha masa kai, don shi aka ba shirin bikin 'yancin kai na unguwarmu, rabon tutoci da dafa shinkafar baƙi. Amma jakunansa na gishiri ba su fasa ƙetare iyakar nan ba ko mako ɗaya. Ruwan bai ci su ba, kuma ban ji an tambayi jaki takarda ba.

Wata rana na riƙe masa gefen riga yana wucewa, na ce ba zan saki ba sai ya gaya mini gaskiya. Ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya don kada matarsa ta ji.

"Goggo, wa ya yi mata rufin ɗaki shekara ashirin? Shi sai ya shekara biyu ya zo da turmin atamfa guda, a ce ɗan fari ya iso. In ya zo yanzu shi za a zaunar a kanta, shi zai shige gaba ranar jana'iza, ni in koma bayanshi kamar baƙo a gidana. Ni ne nan. In ɗa take nema, ga ɗa."

Ya fizge rigarsa. Wannan ita ce gaskiyar, sauran duk ado ne.

Ita kuwa Sabuwa tana ta raguwa. Bayanta ya fara gyambo saboda kwanciya. Kunun da take shan ludayi goma ya koma huɗu. Ta sa Rahmatu ta juya mata gado ya fuskanci ƙofa. Ta sa aka wanke mata zanenta na saƙi, wanda take ɗaurawa da sallah, aka ninke a ƙarƙashin matashinta, wai kada baƙo ya same ta a wulaƙance. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta ɗaga kai ta tambaye ni muryar wa ce. Mai kifi ne, Sabuwa. Mai gyaran keke ne, Sabuwa. Sai ta mayar da kai, ta ce to.

Da na ga haka na nemi Zara, Badandiyar nan 'yar ƙabilar bakin iyaka, mai kai kifi kasuwannin ƙetare, na roƙe ta don Allah ta isa har Kandi. Ta je, ta same shi. Amma ku ji abin da shekara hamsin ta juya baya ke yi wa mutum. Da ta gaya masa, sai ya tambaye ta wa ke nemansa, Goggo ko Inna. Zara ba ta iya ƙarya ba, ta ce Goggo ce ta aiko ta. Ya ce wurin aikinsu in ka yi fashin kwana uku sai ka tarar an sa wani a gurbinka, ga shi da iyali, amma in Inna ce da kanta ta neme shi zai bar komai ya taho ko da rarrafe. Ya ba ta takarda ta kawo wa Ma'azu, tunda shi ne maigida, yana tambayarsa abu ɗaya: Inna ta neme ni?

Ma'azu ya karɓi takardar, ya ce wa Zara daga ranar kada ƙafarta ta sake taka gidansa. Ya tafi wurin Malam Namadi mai rubuta wasiƙa ya sa aka ba da amsa. Malam Namadin nan shi ne yake rubuta mini wannan, ga shi zaune a gabana, in ƙarya nake yi ya ajiye alƙalami. Abin da aka rubuta shi ne: Inna tana jin jiki amma da sauƙi, kuma tun da ta kwanta ba ta ambaci sunanka ba ko sau ɗaya.

Ku duba, babu ƙarya a ciki ko ta harafi ɗaya. Ba ta ambata ba. Da gaskiya tsantsa ya yanke wa ɗan'uwansa ƙafa.

Ko na yi daidai ko na yi kuskure, Allah ne masani, amma na gaya wa Sabuwa. Ta tsare ni da tambaya me ya sa Zara ta je ta dawo ba kowa a bayanta, ni kuma ban iya ɓoye-ɓoye ba. Ina riƙe da ludayin kunu na faɗa mata abin da ke cikin takardar da Ma'azu ya aika. Ta daɗe tana kallon azarar rufi. Can ta ce, "Ma'u, ƙeyarshi na sani. Ban san fuskarshi ba."

Ta ce tun ranar da kawunsa ya ɗora shi a kan jaki, ta laɓe a bayan zana tana kallon bayansa har suka sha kwana, haka take yi duk zuwansa. Sai ya juya zai fita take ɗaga ido. Ta san shekarar da furfura ta fara fito masa a ƙeya, ta san tabon da ke bayan kunnensa na dama, amma da za a ce ta faɗi da wa yake kama, ba ta sani ba. Ta ce ba wani abu take so ba, ta dube shi ta gaba sau ɗaya, ta gaya masa ba ƙi ba ne, kuma babu ranar da ta taɓa zuba tuwo ba ta tuna ko ya ci ba.

Sai ta ja gefen mayafi da hannunta mai rai ta rufe fuska. Ina jin bakinta na motsi a ƙarƙashin mayafin. Sau biyu tana farawa tana tsayawa a "Bu". A na uku ya fito duka.

"Bunyaminu."

Ta sake faɗa, ta ƙara, sa'an nan ta yi wata 'yar dariya da karkataccen bakin nan, ta ce ashe ba shi da nauyi a baki.

Na ƙwala wa Rahmatu kira na ce ta je shago ta zo da mijinta yanzu-yanzu. Ya zo, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Sabuwa ta janye mayafin da kanta, ta dube shi, ta ce, "Bunyaminu nake nema. Ka ce in faɗi, na faɗi. Tura mutum."

Na ga fuskarsa ta canja, na ce a raina yau dai ya ƙare. Sai ya waiwaya wajen matarsa ya girgiza kai.

"Kin ji ko? Ciwon ya taɓa kanta. Inna da hankalinta ba za ta taɓa faɗin wanga suna ba."

Liman, ka ji tarkon da aka ɗana wa tsohuwa mai mutuwa. Da ta yi kunya, ya ce ba ta nema ba. Da ta ajiye kunyar, ya ce ta haukace. Ta ina za ta fita? Ku malamai ne, ku gaya mini kalmar da ta rage ta faɗa wadda ba ta faɗa ba.

Daga ranar ya sa aka riƙa ja mata ƙofa a ɗaure da igiya ta waje, wai yana rufa mata asiri, kada mutane su ji dattijuwa kamarta tana kiran sunan ɗan fari su tafi da ita a baki. Matan unguwa da ke zuwa dubiya, a tsakar gida ake tare su a ce tana barci. Ya karɓo mata rubutu na maganin gigin tsufa, Rahmatu ta kai mata, ta sha, ta miƙa ƙoƙon ta ce, to na sha, a kira mini Bunyaminu. Ni ma sai da safe da yamma ake kwance mini igiyar in shiga da kunu. Na ja jiki har gindin katanga na kira maƙwabciyarmu na roƙe ta ta sa mijinta ya aika Kandi. Washegari ta leƙo ta ce mijin ya ce shi ba ya shiga sha'anin gidan wani, balle gidan mutumin da jam'iyya ke bayansa.

Tunda sunan ya fito sau ɗaya, bai sake komawa ba. Ba ihu take yi ba. Kira take yi a hankali, kamar yadda ake kiran wanda ke bayan ɗaki ya zo ya ci abinci, ta ɗan saurara, ta sake. Wani lokacin ta haɗa da magana. Bunyaminu, shigo mana, ka tsaya a rana. Bunyaminu, juyo in gani.

Ranar bikin 'yancin kai gidan ya cika. Baƙin Ma'azu na zaure da manyan riguna, mata sun kafa tukwanen shinkafa a tsakar gida, an soka 'yan tutoci kore da fari har a kan rumbu. Muryar Sabuwa tana fitowa ta ƙasan ƙofa, na ga wasu matan sun fara kallon juna. Ma'azu ya shigo ɗaukar tabarmi, ya ji. Sai ya kira Rahmatu gefe, ya sa ta mirgino turmi har bakin ƙofar ɗakin, ta zuba gero ta kama daka. Ya ce kada ta tsaya sai baƙi sun watse.

Ta daka tun hantsi har aka kira azahar. Geron ya zama gari tun da wuri, ta ci gaba da dukan garin, hawaye na zuba a cikin turmin. Ni ina zaune jingine da ƙofar. Tsakanin taɓarya da taɓarya ina jin sunan. A waje ana ta kiɗa da guɗa wai an saki ƙasa, yau kowa ɗa ne. Ni dai ƙofar da ke bayana a ɗaure take da igiya.

Washegari muryar ta dushe. Kwana biyu leɓe kawai ke motsi, amma ni da na san abin da suke faɗa ina karantawa. Ta daina karɓar kunu, sai ruwa a bakin ludayi. Rana ta huɗu bayan bikin, da la'asar, ina riƙe da hannunta mai rai, wani ya yi sallama a zaure. Ta buɗe ido ta dubi ƙofa. Mai karɓar tabarmin aro ne. Kafin ya gama naɗe su ta cika.

A ranar hanya ta bushe. A ranar 'yan duwan suka yi sauƙi. Kafin a gama haƙa kabari Ma'azu ya ɗora mutum a kan keke ya tura Kandi da saƙon rasuwa. Shi ya shige gaba a jana'iza, kamar yadda ya so.

Bunyaminu ya iso ranar sadakar bakwai, ƙafafunsa a kumbure. Bayan an shafa fatiha ya shigo ciki ya durƙusa a gabana yana yi mini gaisuwa, Ma'azu na tsaye a bayansa. Na kama hannunsa na gaya masa komai. Na ce ta kira ka, da sunanka, kwana da kwanaki, har muryarta ta ƙare. Na gaya masa zancen ƙeya, na gaya masa zancen tuwo. Ban gama ba Ma'azu ya sa baki cikin taushin murya, ya ce yaya ya yi haƙuri, Goggo ma girma ya kama ta, so take ta sanyaya masa rai. Rahmatu na tsaye a bakin madafi, na ce ta faɗi abin da ta ji. Ta buɗe baki, mijin ya dube ta, ta shige ciki.

Bunyaminu ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa tsohuwa in ta ruɗe. Ya ce, "Goggo, Allah ya saka miki. Kin daɗe kina rufa mata. Ba komai, ni na saba."

Ya zame hannunsa a hankali. Ko kwana bai yi ba, ya juya Kandi, yana tafe da yaƙinin cewa uwarsa ta rayu ta mutu ba ta taɓa son ganinsa ba. Mutum mai furfura, da jikoki, haka zai ɗauki wannan har nasa kabarin in ba a yi wani abu ba. Maganata ba ta shige shi ba, kuma ba za ta shiga ba, don ni ce mai rarrashi tun yana yaro. Bakin da ya yanke shi, shi kaɗai zai iya ɗinke shi.

Kunyar nan ku kuka ce mu yi, iyayenmu suka koya mana, muka riƙe da mutunci. Sabuwa ta riƙe ta fiye da kowace mace a Illo, kuna yabonta a kai. Ba a ba mu ita don ɗa ya mayar da ita marin ƙarfe ya ɗaure uwarsa a ɗakin baya ba. Kuna zaune a zauren nan kuna cin shinkafa ranar da ake daka garin da ya riga ya daku. Ban ce kun sani ba. Yanzu kun sani.

Ban nemi a kore shi daga gida ba, ban nemi a taɓa shagonsa ba. Abin da nake nema shi ne ku aika Kandi da sunan liman a kira Bunyaminu. Ku zaunar da su biyun a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. Ku kira Rahmatu, ku ba ta amana cewa aurenta ba zai mutu don ta faɗi gaskiya ba. Ni kuma a ɗauko ni ko a cikin kwando ne. In kun ce wannan zancen cikin gida ne ba ruwanku, to ku sani zan sa a jefa ni a kwalekwale a ƙetare Kwara da ni har Bagudo, in zauna a ƙofar alƙali in yi ta faɗa har a gaji da ni. Ni ma kwanana ba su da yawa, kuma ba zan je in tarar da Sabuwa da saƙonta a hannuna ba.

Ku ajiye Alƙur'ani a gaban Ma'azu, ku hana shi zancen hanya da zancen ciwo, ku yi masa tambaya ɗaya. Uwarku ta kira Bunyaminu da sunansa, tana cikin hankalinta, ko ba ta kira ba? Ya ɗaga kai ya dubi yayansa, ya amsa.